Ruwan da Sabitu Ya Zubar da Magariba

Lokacin sanyin Makka ne, sanyin da ba ya wuce 'yan makonni, wanda baƙo ba ya ko lura da shi, amma 'yan gari sukan nemi ruwan ɗumi domin wankan asuba. Rana na gab da faɗuwa Sabitu ya hawo matakalan lungunsu a unguwar Mansur, jakar kayan aiki a kafaɗa, ledar burodi a hannu. Masu tsire sun fara hura gawayi, hayaƙi ya kwanta a ƙasa-ƙasa kamar ba ya son tashi.

Shekara ashirin da shida ke nan yana hawan waɗannan matakala, tun da ya zo aikin hajji daga Ringim yana saurayi, jirgi ya koma ba da shi ba. Iƙama kuwa, wato takardar izinin zama, bai taɓa riƙe ta ba. Abin da Allah ya ba shi hannu ne. Yana gyaran famfo da bututu da sahhan, wato tukunyar lantarkin nan da ake kafawa a bangon banɗaki tana dumama ruwa. Daga Mansur har Aziziyya, in aka ce Sabitu mai famfo an san wanda ake nufi.

Nasa sahhan ɗin kuwa, mako guda ke nan matarsa Hadijatu tana faɗa masa cewa ruwansa ya cika zafi. Kullum sai ya ce gobe. Har ta gaji ta ce masa inuwar giginya, na nesa ka sha. Ya yi dariya ya fita.

Gidan ɗaki biyu ne a saman wani tsohon gini da ya jingina da dutse. Tun kafin ya sa makulli ya ji sautin. Wani gurnani ne mai nauyi, irin na babbar tukunyar biki in ta tafasa, can kuma sai a ji ƙwas, kamar an buga ƙarfe daga ciki. Ya tarar da Hadijatu da 'yarsu Raihana tsaye cirko-cirko a bakin ƙofar ɗaki. Raihana shekararta goma sha bakwai, ita kaɗai Allah ya bar musu, a nan Makka aka haife ta, harshenta ya fi sauƙi a Larabci.

"Abuya," ta ce wa ubanta, "sahhan ɗin yana ta magana tun la'asar."

Sabitu ya ajiye burodin a ƙasa. Ya san abin da ya faru tun bai duba ba. Ma'aunin da ke yanke wuta in ruwa ya kai zafi ya mutu, ƙofar da tururi ke bi ya fita kuma gishirin ruwa ya toshe ta. Ya taɓa ganin bangon da irin wannan tukunya ta rusa a wani gida a unguwar Shisha, da abin da ta yi wa matar gidan. Ya ce su koma cikin ɗaki su rufe. Ya kashe wutar gidan baki ɗaya, ya shiga banɗakin da ya cika da hucin zafi, ya buɗe famfo, tururi ya riƙa feshi yana tari. Ya ɗaura tiyo a gindin tukunyar, ya jefa ɗaya bakin ta ƙaramar taga.

Bayan tagar nan wani tsagi ne tsakanin gini da dutse, siriri, mai duhu, ba mai shiga. Daidai lokacin da ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya, Sabitu ya murɗe makullin, ruwa mai tafasa ya kwarara cikin tsagin.

Sai aka yi wani ƙara daga ƙasa. Siriri ne, gajere, kamar na 'yar kyanwa da aka taka. Bai sake ba.

Da ya fito yana share zufa, ya ga Hadijatu ta leƙo, fuskarta ta sauya.

"Abu Raihana, ka yi bisimilla kuwa?"

Ya tsaya ya laluba a ransa, bai samo ta ba.

"Mage ce," ya ce. "Ku zo mu yi salla."

Washegari ya sayo sabon ma'auni ya sa, ya wanke cikin tukunyar, ya fitar da gishirin da ya daskare kamar tsakuwa, ya canza ƙofar tururin. Aiki ne da ya yi sau ɗari. Ruwa ya fito da ɗumi daidai, Hadijatu ta yi masa sannu. Amma da rana ta yi ja, inuwar dutse ta rufe tagar banɗaki, sai gurnanin ya dawo.

Ya kashe makunnin. Gurnanin bai tsaya ba. Ya kwance wayoyin da hannunsa, ya naɗe bakinsu, ya bar su suna reto a bango. Tukunyar ta ci gaba da tafasa har aka idar da sallar magariba, sannan ta yi shiru a hankali, kamar mai kuka da ya gaji.

Sabitu mutum ne mai neman dalili. Ya ce wataƙila wuta na satar hanya ta bututun maƙwabta. Kwana biyu ya yi yana bin bango da na'urar gwaji, bai samu komai ba. A rana ta huɗu ya tsiyaye ruwan tas, ya toshe bututun shiga, ya bar tukunyar fayau. Da magariba ta kawo kai ya tsaya a gabanta yana kallo. Babu ruwa, babu wuta. Fentin jikinta ya fara kumbura yana ɗayewa, warin ƙarfe mai zafi ya cika banɗakin, daga ciki kuma ana ƙwanƙwasawa sannu-sannu, uku, a tsaya, uku, a tsaya.

"Mu kira malami," in ji Hadijatu daga bayansa, da murya ƙasa-ƙasa.

"Mutane su ce me? Sabitu ya kasa gyara na gidansa har ya ɗora wa aljanu?"

"Su ce. Bakinsu ne."

Bai saurare ta ba. Da gari ya waye, ƙarfen ya huce, ya kwance tukunyar daga bango, ya saɓa ta a kafaɗa ya sauka da ita, ya miƙa wa masu sayen tsoffin ƙarafa a bakin titi. Da yana hawowa ya ji zuciyarsa sakayau. Ya ce wa Hadijatu an rabu da Bukar, daga yau a dafa ruwan wanka a kan gas.

Yammacin ranar gidan ya yi tsit. Suna zaune su uku a tabarma, Raihana na tsince shinkafa, sai wata 'yar tsakuwa ta faɗo tsakiyar faranti. Suka ɗaga kai. Rufin siminti ne, ba huda ba tsaga. Ta biyu ta faɗo kusa da ƙafar Hadijatu, ta uku a kan matashi. Sabitu ya kai hannu zai ɗauka ya janye da sauri, don zafinta kamar an tsamo ta daga murhu. Inda ta sauka a matashin ya yi baƙin tabo. Farare ne, masu gautsi, irin gishirin nan da ya kankare daga cikin tukunyar.

Raihana ta ajiye farantin. Ta dubi ubanta da idanun da suka kaɗa.

"Abuya, ina jin zafi."

Ya taɓa goshinta, gabansa ya faɗi.

Kwana tara aka yi a haka. Da safe yarinyar takan tashi a galabaice, ta sha ruwa kofi bayan kofi, ta ɗan yi hira da uwarta. Da la'asar ta yi sanyi sai jikinta ya ɗau zafi, zafin da tsumma mai jiƙe ke bushewa a goshinta kafin a ƙirga ashirin. Leɓɓanta suka farfashe. Daga ƙirjinta wani gurnani ke fitowa, wanda Sabitu ya sani sarai, ya kuma ƙi faɗa. Babban asibiti ba wurin zuwansu ba ne, don yarinyar ba ta da takarda ko ta haihuwa. Wani likita da Sabitu ya taɓa yi wa aiki ya yarda ya duba ta a gidansa da safe. Ya auna, ya ɗebi jini, bayan kwana biyu ya ce bai ga ciwo ba, ya ba da maganin zazzaɓi. Maganin ya shiga kamar an zuba a yashi.

Hadijatu ta daina zuwa gidan da take aikatau a Aziziyya. Ba ta yi wa mijinta gori ba ko sau ɗaya, shirun nata kuwa ya fi masa gorin ciwo. Maƙwabta suka rage shigowa. Masu hawa matakala in sun zo daidai ƙofarsu sai su ƙara sauri.

A rana ta goma, yana zaune a gefen katifar yana mata fifita, Raihana ta buɗe ido. Ba ta ce Abuya ba. Ta ƙura masa ido tsawon lokaci, sannan bakinta ya motsa, wata murya ta fito, ta tsohuwa, a shaƙe.

"Kai ne mai ruwan zahi."

Hausa ce tsantsa, irin ta tsofaffin Gobir, babu ɗigon Larabci a ciki, Hausar da Raihana ba ta taɓa ji ba balle ta iya. Maficin ya suɓuce daga hannun Sabitu. Bai tsaya neman takalmi mai kyau ba, ya sauka ya tari tasi zuwa Shisha neman malami.

Malam Abdulwasi'u tsoho ne siriri, ido ɗaya ya yi hazo, ya shekara arba'in yana karantar da Alƙur'ani a wani ɗaki a ƙasan bene. Ya saurari Sabitu har ya gama, bai katse shi ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Tukunyar tana ina?"

"Na sayar, Allah gafarta Malam."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza carbi.

"Gobe bayan la'asar," ya ce. "Kada ka yi mata magana kafin in zo, ko ta kira sunanka."

Ya zo da jarkar zamzam ƙarama da ƙullin ganyen magarya, ba wani abu. Matakalan sun wahalar da shi, sai da ya huta sau uku. Ya sa aka buɗe tagogi, aka lulluɓe yarinyar da mayafi, uwarta ta zauna a kanta ta riƙe kafaɗunta. Sabitu ya durƙusa a bakin ƙofa. Rana ta karkata, hasken da ke shigowa ya zama ruwan ƙasa, hayaniyar titi ta yi nisa kamar daga wani gari.

Malam ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta rawa. Ya yi Fatiha, ya shiga Baƙara, yana tofawa a ruwan yana yayyafawa. Duk ɗigon da ya sauka a mayafin sai ya yi cuu, ɗan tururi ya tashi. Ɗakin ya ɗau zafi har zufa ta jiƙe rigar Sabitu. Tsakuwa ta riƙa faɗowa ɗaya-ɗaya a kewayen tsohon, ba wadda ta taɓa shi. Da ya kai Ayatul Kursiyyu a karo na bakwai, jikin yarinyar ya banƙare, muryar ta fito.

"Ya isa, Malam. Ni ma na san ta."

"Wace ce ke?"

"Baƙuwa, kamar ku."

"Musulma?"

"Na yi hajjin da ba ka iya ƙirgawa. Cikin salkar wani mutumin Gobir na taho, zamanin da ake tahowa da ƙafa. Shi ya mutu a hanya, ni na iso. Na zauna rijiya kusa da Harami, aka cike ta. Na koma kogon dutse, aka fasa dutsen aka yi bene. Sau bakwai ana tashina. Tsagin bayan gidan ga shi ne na ƙarshe, ba wanda ya so shi, shi ya sa na samu."

"To me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

Sai hawaye suka gangaro daga idanun Raihana, suna bushewa kafin su kai kunci.

"Ɗana guda. Na same shi bayan na fid da rai. Yana wasa a bakin tsagi, ana kiran salla, na ce ya shigo, ya ce yana zuwa. Da wanga mutum ya ambaci sunan Allah, da an janye muna shi. Kalma guda, Malam. Kwana ukku yana kuka fatarshi na saɓulewa a hannuna."

Sabitu ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Allah ya ba ki haƙuri. Rashi ne babba. Amma yarinyar nan ba ita ta zuba ruwan ba."

"Ban nufe ta ba da farko. Tukunyar na shiga, ita da ta dafa mini ɗa. Na ce in zauna ciki in yi kukana duk magariba, ya ji, ya san abin da ya yi. Da ya bar ni, da na yi arba'in na tahi. Sai ya ɗauke ta ya sayar. Ina zan zauna? Na duba gidan, na ga wata tukunyar."

Hadijatu ta saki wani sauti a maƙogwaro, ta ƙara ƙanƙame 'yarta.

"Me kike nema?" in ji Malam.

"Ɗa da ɗa."

"Ba za ki samu ba. Ke da kika ce kin yi hajji, kin san hukunci. Bai gan shi ba, bai nufe shi ba. Kisan kuskure ba a yi masa ƙisasi. In kika kashe yarinyar nan, ke ce mai kisan ganganci, a cikin hurumin Makka, kuma za ki tsaya gaban wanda ba a ɓoye masa komai."

Gurnanin ya tashi daga ƙirjin yarinyar, tagogi suka yi rawa. Malam ya koma karatu, ya ɗaga murya kaɗan, yana shafa ruwan magarya a tafin ƙafarta. Ta yi ta murƙususu har Hadijatu ta kusa kasa riƙe ta. Can muryar ta dawo a gajiye.

"To a dafa ruwa a zuba mishi, kamar yadda ya zuba."

"Na yarda," in ji Sabitu, ya yunƙura zai tashi.

"Zauna," Malam ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Ba a biyan aljani da naman mutum. Malam Sabitu, na ce ka kame bakinka." Ya juya ga yarinyar. "Yafiya ta fi miki. Ki yafe, ki fita, ki nemi ladanki wurin Allah."

"Kai ka taɓa binne ɗa?"

Tsohon ya ce, "Uku."

"To ka san ba a umartar zuciya. Ka ce kuskure ne, na ji. Kuskure yana da diyya. Mi gare shi? Raƙuma? Ko takardar zama ba shi da ita."

Hasken ɗakin ya kusa ƙarewa. Daga nesa wani masallaci ya fara gyaran lasifika. Numfashin Raihana ya koma gajere, yana fita da ƙyar, leɓenta na ƙasa ya tsage jini ya fito. Sabitu na kallon ƙirjinta yana ɗagawa yana sauka, kowane ɗagawa ya fi na baya jinkiri.

"Ga diyyata," in ji muryar. "Zan hita, ba na komowa. Ɗiyar ta rayu, ta yi aure, ta haihu. Amma yadda ba ni ƙara ganin nawa, shi ma ba shi ƙara ganin tashi. Teku ta shiga tsakaninsu. Duk ranar da ya matso, zahin da na bari a ƙashinta ya tashi."

"Ba mu karɓar sharaɗi daga..."

"Na yarda," in ji Sabitu.

Wannan karon da ƙarfi ya faɗa, kuma maganar ta riga ta fita. Malam Abdulwasi'u ya rufe idonsa mai gani, kafaɗunsa suka sauka.

"Ka ji shi, Malam. Kai ne shaida."

Ladan ya ɗaga murya. Ƙafar yarinyar ta hagu ta miƙe, babban yatsan ya yi karkarwa, sai wata iska mai zafi ta ratsa ɗakin ta fice ta taga, labule ya bi ta ya dawo. Raihana ta yi atishawa sau uku. Zufa ta keto mata, ta farko cikin kwana goma sha ɗaya. Ta buɗe ido ta dubi uwarta.

"Ummi, moya," ta ce, tana neman ruwa da ƙaramar muryarta.

A kan matakala, Sabitu na riƙe da hannun tsohon suna sauka, Malam ya ce, "Da ka yi shiru. Ta gaji, saura kaɗan."

"Yarinyar ma saura kaɗan, Allah gafarta Malam."

Tsohon bai musa ba. Sai da suka kai ƙasa ya ce, "Suna ƙarya da yawa. Wataƙila tsoratarwa ce. Ka ba ta kwana uku, ka gwada. Zan ci gaba da addu'a."

Kwana ukun a shagon wani abokin aikinsa ya yi su, a can ƙasan unguwa. Hadijatu ta riƙa aiko masa da labari: ta ci abinci, ta yi wanka da kanta, sai dai ɗan ɗumin jiki da ba ya sauka. A rana ta huɗu da hantsi ya hau, ya yi alwala, ya yi duk addu'ar da ya sani. Ya tura ƙofa. Raihana na zaune a tabarma tana tsefe kai, ta ɗago ta gan shi, fuskarta ta washe.

"Abuya."

Ta taso da gudu. Taku uku ta yi ta durƙushe. Yana kallo fatar hannunta ta yi ja, ƙuraje masu ruwa suka taso a jere daga wuyan hannu zuwa gwiwa, kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ba ta yi ihu ba, sai ta riƙa kallon hannun tana kallonsa, ta kasa gane abin da ya haɗa su. Sabitu ya ja da baya, ya ja ƙofar, ya sauka matakalan bai san yadda ya kai ƙasa ba.

Malam ya dawo sau huɗu ya yi karatu. Ba wanda ya amsa, don babu kowa a jikin. Ya kawo wani malamin da ya fi shi, shi ma ya karanta ya girgiza kai. Sabitu ya gwada nisa kamar yadda yake gwada bututu. Tun ranar da hannunta ya ƙone abin ya tsananta: in yana Mansur, yarinyar na kwance da zazzaɓi. Ya koma Aziziyya, ta tashi zaune amma ba ta iya cin abinci sosai. Ya bi motar kaya a ɓoye zuwa Jidda ya yi mako biyu, ta samu sauƙi har tana taya uwarta girki, amma duk magariba sai ɗumin ya dawo, tana ramewa a hankali kamar kyandir. A Jidda ya je bakin teku ya zauna har rana ta faɗa cikin ruwan. Ya daɗe yana kallon wancan gefen da ba a gani.

Wanda ba shi da takarda hanya ɗaya gare shi ta tsallaka tekun nan, kuma ba ta da dawowa. Shekara ashirin da shida yana kauce wa motar jami'an tarhil, masu mayar da baƙi ƙasashensu. Ya san lungun da ake bi, ya san sa'ar da ba a fita.

Ya koma Makka sau ɗaya. Ya yi ɗawafin bankwana cikin taron mutane, ya kira Hadijatu ta same shi a bakin titin Mansur, nesa da gidan. Ta zo da 'yar jaka: riguna biyu, dabino, da hular da Raihana ta fara saƙa masa ba ta gama ba. Suka tsaya gefen wani shagon kayan miya kamar baƙin juna.

"Na ce mata aiki ka samu a nesa," in ji Hadijatu.

"Ta yarda?"

"Ba yarinya ba ce."

Ya miƙa mata jakar kayan aikinsa. "Ki ba wanda zai yi amfani da su."

Ta karɓa da hannu biyu saboda nauyi. "Ringim wa ya rage maka?"

"Ban sani ba. Zan gani."

"Abu Raihana, da na matsa maka tun ranar farko..."

"Kin faɗa. Ni ne ban ji ba. Ki yafe ni."

Ta gyaɗa kai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya tsallaka titi zuwa inda motar jami'an take tsaye. Wani matashin jami'i ya sauke gilashi yana tambayarsa abin da yake so. Sabitu ya ce masa da Larabcin da ya koya a gidajen mutane, ba shi da iƙama, bai taɓa yi ba. Jami'in ya dube shi da mamaki, ya fito ya buɗe masa ƙofar baya.

Ya yi makonni a wurin da ake tsare masu jiran jirgi, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka gaya masa abin da ya riga ya sani, cewa ba zai ƙara shigowa ƙasar ba. Ranar da jirgin ya tashi yana kusa da taga. Ya ga ruwan ya shimfiɗu a ƙasa, shuɗi, ba iyaka, sannan ƙasa ta sake bayyana, ja, busasshiya.

A Kano suka sauka da rana tsaka. Waɗanda ke da 'yan uwa aka zo aka kwashe su. Sabitu ya tsaya a bakin filin jirgi da 'yar jakarsa, garin ya sauya masa, ko hanyar tashar Ringim bai gane ba. Ya roƙi wani mai sayar da lemo aron waya, ya danna lambar Hadijatu da ya haddace.

Ta ɗauka a bugu na biyu. Muryarta na rawa, amma ba rawar tsoro ba.

"Zafin ya sauka, Abu Raihana. Tun da hantsi ya sauka gaba ɗaya. Jikinta sanyi ƙalau. Ta cinye faranti guda ta nemi ƙari, yanzu haka tana wanke-wanke tana waƙa."

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya sake faɗa, don bai sami wata kalmar ba.

"Bari in kira ta. Raihana, zo, ga Abuya."

Ya ji an ajiye kwano. Ya ji takun ƙafarta a kan siminti, da sauri, tana matsowa. Sai a lokacin ya tuna ba wanda ya tambayi tsohuwar ko murya ma tana cikin diyyar, kuma babu sauran wanda za a tambaya.

Ya kashe wayar kafin ta iso. Ya miƙa wa mai lemo abarsa, ya yi masa godiya, ya tambaye shi ta ina ake bi zuwa tasha.